Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Kano kan matasan da ba su da makwanci

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano, Alhaji Abba Kabir Yusuf.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, da addu'ar Allah ya dafa maka a kan nauyin jama'ar da ya ɗora maka, ina neman izinin gabatar da wani koke. Ni tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, kuma gidana bai fi tafiyar minti biyar a ƙafa ba daga ɗaya daga cikin manyan tashoshin motar birnin nan. Ba da yawun kaina kaɗai nake magana ba. Maƙwabtana ne suka ɗora mini alƙalami, mutanen da sana'arsu ta raba su da barcin dare: masu shayi, da masu gadin shaguna, da mai gidan wanka na bakin tasha, da ladanin masallacinmu wanda kullum sai ya tsallake ƙafafun masu barci kafin ya isa wurin kiran assalatu. Waɗanda muke kuka a kansu kuwa su ne samari da 'yan mata, daga masu shekara 14 zuwa masu 25, waɗanda idan dare ya yi a Kano ba su da ƙofar da za su tura su shiga.

Abin da ya tayar da maganar shi ne aikin da Hukumar Hisbah ta fara a farkon shekarar 2025, na kwashe yaran da ke kwana a tashoshi da kasuwanni da ƙarƙashin gadoji, inda aka ambaci cewa yawansu ya haura 5,000. Mun yi murna da hakan, domin gwamnati ta fito fili ta amsa cewa akwai 'ya'yan mutane da ke kwana a waje, kuma mun san jami'an da suka bar iyalansu da tsakar dare ba don mugunta suka fito ba. To amma, ranka ya daɗe, mu da muke zaune a bakin wurin mun ga abin da ya biyo baya. Bencinan tasha sun yi 'yan kwanaki fayau, sannan suka sake cika, wasu fuskokin tsofaffi, wasu sababbi. Mun kuma taɓa ganin irin haka. A watan Fabrairun 2020 gwamnatin da ta gabata ta haramta bara a tituna, bayan kamar wata biyu kuma, da annobar korona ta shigo, gwamnonin Arewa suka riƙa loda almajirai a motoci ana mayar da kowa jiharsa. Ba a jima ba titi ya koma yadda yake. Kowace gwamnati tana zuwa da motar kwashewa, amma har yau ba mu ga wadda ta zo da ɗakin kwana ba, kuma ɗakin kwanan nan shi ne ƙashin bayan wannan wasiƙa.

Kuskuren da aka daɗe ana yi shi ne a haɗa su duka a kira su almajirai. Almajiri, duk da halin da yake ciki, yana da malam, yana da tsangaya, yana da inda ake neman sa idan magariba ta yi. Waɗannan ba su da ko ɗaya daga ciki. A cikinsu akwai wanda auren iyayensa ya mutu, uwa ta yi wani auren inda ba a son agola, uba kuma ya kawo matar da ba ta ƙaunar ganin sa, ya wayi gari gida biyu babu nasa. Akwai wanda 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu a Zamfara ko Katsina, ya hau bayan motar kaya ya sauka a Kano bai san kowa ba. Akwai ɗan ci-rani da damina ta zo ta wuce bai haɗa kuɗin mota ba, kunya kuma ta hana shi komawa gida hannu rabbana. Akwai tsohon almajirin da ya girma ya fi ƙarfin roƙon ɗumame, malaminsa ya tashi ko ya rasu, shi kuma tun yana ɗan shekara shida aka kawo shi, bai san hanyar garinsu ba. Akwai wanda aka sallamo daga gidan gyaran hali dangi suka ce ba su san zancen ba, da 'yar aikatau da uwar ɗakinta ta kora da daddare bisa zargin sata. Galibinsu ba mabarata ba ne. Da rana su ne 'yan dako a Kantin Kwari da Singa da Dawanau, su ne masu turin baro a 'Yankaba, su ne 'yan jari-bola da masu wankin mota. Kayan da Kano take alfahari da cinikinsu a kan kawunansu suke shiga kasuwa su fita, da an rufe shaguna kuma sai a manta da su har gari ya waye.

Dokokinmu ma ba su hango su sosai ba. Dokar Kare Ƙananan Yara ta Jihar Kano, wadda aka sanya wa hannu a watan Mayun 2023, ta tsaya ne a kan wanda bai kai shekara 18 ba. Hukumar da Gwamnatin Tarayya ta kafa a waccan shekarar ta almajirai ce da yaran da ba sa zuwa makaranta. Dokar ta-ɓaci da ka ayyana kan ilimi a watan Yunin 2024 tana amfanar ɗan da ke da gidan da zai fito daga cikinsa da safe. Saurayi mai shekara 19 da ke kwana a bayan rumfar mai kayan miya ya wuce gidan marayu, bai kai magidanci ba, kuma babu wata ma'aikata da za ta ce kai tsaye nata ne, alhali sashe na 16 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa matsuguni mai kyau cikin abubuwan da ya kamata hukuma ta himmatu wajen samar wa kowane ɗan ƙasa.

Kokenmu na farko shi ne daren kansa. Wanda bai taɓa bi ta tasha da ƙarfe biyun dare ba ba zai gane yadda ake kwana a can ba. Kwali ne katifa, shi ma tun da rana ake ɓoye shi a bayan rumfa don kada wani ya riga ka. Takalmi ake tada kai da shi, saboda wanda ya ajiye nasa a gefe zai farka babu shi. 'Yan kuɗin da aka samo a ƙulle suke a cikin wando, duk wani lungu mai rufi kuwa yana da mai shi, wanda sai an ba shi wani abu kafin a shimfiɗa. Da hunturu za ka ga samari goma sun kewaye tsohuwar taya tana ci da wuta, suna shaƙar baƙin hayaƙinta har asuba, da damina kuma a tsaye ake kwana a jingine da bangon shago, domin ƙasa ta zama kwata. Wannan ne mutumin da zai tashi da sassafe ya ɗauki buhun masara a ka. A zamanin ƙuruciyata baƙon da dare ya riska a birni yana da zauren da zai kwana, samarin unguwa kuma suna da soron da suke taruwa. Yanzu zaurukan sun koma shagunan haya, sababbin gidaje katanga ce da ƙofar ƙarfe, masallatai kuma ana kulle su bayan isha'i saboda ɓarayin lasifika da fanka. Ban zargi kowa ba, domin mu ma namu masallacin muna kullewa. Abin da nake nufi shi ne, masaukin da al'ada ta tanada ya rushe, kuma ba a gina komai a gurbinsa ba.

Akwai abin da kunya take hana mu faɗa, amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ƙaramin yaron da ya shigo tasha sabo, tun a darensa na farko wani babba zai ce ya ɗauke shi yaronsa, ya ba shi abinci, ya hana a dake shi, kuma wannan kulawa ba kyauta ba ce. Masu gadi sun sha ganin motoci masu kyau suna tsayawa can gefe bayan ƙarfe ɗaya, a kira yaro da hannu, ya shiga, a dawo da shi kafin asuba da 'yan kuɗi a aljihu. Yarinya kuwa ba ta kwana biyu a fili. Kafin nan wani ya yi mata tayin ɗaki, ko wata ta kai ta gidan da za a ce ta biya kuɗin kwana da jikinta, ko kuma dillalin da zai yi mata alƙawarin aiki a wata ƙasa ya same ta. Shi ya sa ba a cika ganin 'yan mata a ƙarƙashin gada ba, shi ya sa kuma ake zaton babu su. Muna da Cibiyar Waraka a Asibitin Murtala don waɗanda aka yi wa fyaɗe, aikinta abin yabo ne, sai dai wanda ba shi da mai raka shi da wuya ya san hanyarta, kuma idan an gama duba shi, wurin da aka yi masa abin can zai koma ya kwanta.

Na biyu shi ne lafiya. A daminar da ta wuce wani yaro ɗan jari-bola, bai fi shekara 16 ba, ya taka tsohon ƙarfe a juji. Ya shafa baƙin mai ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba da yawo da buhunsa har mako guda, sai da ƙafar ta kumbura ta fara wari sannan mai shayi ya aiko a kira ni. Muka ɗauke shi a adaidaita zuwa wani asibiti. Kafin a dubi ƙafar sai da aka tambayi adireshinsa, da sunan wanda zai tsaya masa, da wanda zai biya kuɗin kati da na magani. Da ba don na ce ni ne ba, ban san yadda za ta kaya ba. Karo-karo muka yi aka wanke ciwon aka yi masa allura. Da za mu fito aka ce ya huta mako biyu, kada ƙafar ta taɓa ruwa ko ƙazanta. Na dubi yaron, shi ma ya dube ni, muka yi shiru, domin dukanmu mun san inda yake kwana. A zaurena ya yi kwana 12. Zaure ɗaya gare ni, ranka ya daɗe, yaran kuwa suna da yawa. Lokacin da cutar mashaƙo ta ɓarke daga ƙarshen 2022, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, an kuma yi gangamin rigakafi sosai, amma mu ba mu ga an zo tasharmu a lokacin da masu kwana a cikinta suke nan ba. Mutum 30 da ke kwana kai da ƙafa a rumfa ɗaya, in tarin fuka ko sanƙarau ya shiga cikinsu, da safe cikin kasuwa za su watsu da shi.

Batun shaye-shaye ba ya rabuwa da wannan. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, a Kano kuma kashi 16 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64, wato sama da mutum miliyan ɗaya. A shekarar ce aka haramta maganin tari mai kodin, sai kasuwa ta koma kan taramol da roci da sholisho da sukudayin. Ana yawan cewa ƙwaya ce take fitar da yaro daga gida, kuma gaskiya ne ga wasu. Abin da muka fi gani a tasha shi ne akasin haka: yaro ya zo da hankalinsa, titi ya koya masa. Na taɓa yi wa wani faɗa da na gan shi da tsumman sholisho a hanci, sai ya ce mini, "Baba, ba don daɗi nake sha ba, in ban sha ba sanyi da tsoro ba sa bari in yi barci." Ban samu amsar da zan ba shi ba. Ana iya kai irinsa cibiyar gyaran tarbiyya ta Kiru ko asibitin Dawanau ya yi wata uku ya warware, amma muddin ranar sallama kan kwalinsa zai koma, an kashe kuɗin gwamnati ne a kan gyaran gangar auzinawa.

Na uku, wanda ba a cika lura da shi ba, shi ne takarda. Duk wata ƙofar taimako da gwamnati ta buɗe tana neman adireshi. Rajistar masu ƙaramin ƙarfi da ake rabon tallafi da ita gida-gida take ƙirga mutane, wanda ba shi da gida kuwa bai shiga lissafi ba tun daga tushe. Layin waya sai da lambar NIN, wato lambar katin ɗan ƙasa, asusun banki sai da ita, ita kuma tana son wanda ya san ranar haihuwarsa da inda yake zaune. Na taɓa karɓo wa wani saurayi mai hazaƙa fom ɗin wani shirin koyar da sana'a, muka zauna a teburin mai shayi muna cikewa. Suna ya zo da sauƙi. Daga nan sai adireshin gida, sai takardar shaidar ƙaramar hukuma, sai sa hannun mai unguwa, sai lambar wayar uba ko waliyyi, sai mutum biyu masu tsaya masa. A layi na uku ya ajiye biro ya ce, "Baba, bar shi kawai, wannan ba irin namu ba ne." Ko a wajen gwamnati haka abin yake, domin babu kafinta ko bakaniken da zai ɗauki yaro ya bar shi da kayan aiki ba tare da wani babba ya kawo shi ba. Bankinsu kuwa shi ne mai shayinmu, wanda ke da wani tsohon littafi mai layi 40 da yake rubuta ajiyar kowa a ciki, wannan naira 500, wancan 1,200, da laƙabinsu maimakon suna. Mutumin kirki ne, bai taɓa cin na kowa ba, amma ranar da ya kwanta ciwo ko gobara ta tashi a rumfarsa, jarin yara fiye da 20 ya tafi.

Na huɗu shi ne kame. Ba zan ɓoye ba, a cikinsu akwai ɓarayi, akwai masu ƙwacen waya, ni kaina an taɓa tare ɗiyata da wuƙa aka karɓe tata da magariba. Wanda ya yi laifi a hukunta shi. Abin da muke kuka da shi shi ne sintirin da ke zuwa da dare ya kwashi duk wanda ya tarar a kwance, mai laifi da mai barci, da safe wanda ke da mai belinsa ya fita, wanda ba shi da kowa ya zarce. Tun a 1989 dokar tarayya ta soke laifin da ake kira gararamba, kuma a watan Disambar 2020 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka da ke Arusha ta bayyana cewa dokokin da ke hukunta mutum don kawai ba shi da matsuguni ko sana'a tsayayya sun saɓa wa yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar. Ɗan dakon da ya yi wata huɗu a tsare yana jiran shari'a yakan fito ya tarar an maye gurbinsa a kasuwa, ya kuma fito da sababbin abokai da sabon ilimi. Daga nan daba ce take karɓar sa, domin ita kaɗai ce ƙungiyar da ba ta neman adireshi, tana kuma ba da abinci da wurin kwana tun daga ranar farko. Idan zaɓe ya matso, kowa ya san inda ake zuwa ɗaukar haya. Duniya ta ga yaran da suka yanke jiki suka faɗi a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ranar 1 ga Nuwamban 2024, bayan watanni a tsare kan zanga-zangar watan Agusta, da yawansu 'yan Kano, har sai da Shugaban Ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Ba dukansu ne 'yan titi ba, amma darasin a fili yake: duk ranar da gari ya rikice, yaron da ba shi da mai nemansa shi ake fara turawa gaba, shi kuma ake fara kamawa.

Sai maganar mayar da su gida, wadda ita ce amsar da hukuma ta fi saurin bayarwa. Ga wasu daidai ne, mu ma mun sha haɗa kuɗin mota mu tura yaro wurin kakarsa. Amma ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya gudo daga duka, ko daga auren dole, ko daga ƙauyen da ya zama kufai, idan aka sauke shi a ƙofar gidan ba tare da an tambayi abin da ya kore shi ba, kafin mako ya zagayo ya dawo, wannan karon kuma ya koyi ɓuya daga duk mai kaki. Wasu iyayen ma in an kai musu sai su miƙa shi gidan mari, kuma ba mu manta da abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019 ba, inda aka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Wanda ba ɗan asalin Kano ba ne shi ma sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulki ya ba shi damar zama a duk inda ya so a ƙasar nan.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Babban roƙonmu shi ne a buɗe gidajen kwana kafin hunturu mai zuwa ya kama, a fara da ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kusa da kasuwanni da tashoshin da suke neman abinci. Ba sansani muke nufi ba wanda za a kai mutum bayan gari a rufe ƙofa. Muna nufin wurin da ke buɗewa da magariba, mutum ya shigo da ƙafarsa, ya sami tabarma da bargo da ruwan wanka da akwatin da zai kulle kayansa, da safe ya fita aikinsa, ya dawo gobe ba tare da an tambaye shi takardar asali ba. Sharaɗi shi ne kada a shigo da makami ko ƙwaya. A raba ƙananan yara da manya, a ware na mata da ma'aikata mata, a sa ma'aikacin jin daɗin jama'a da zai zauna da kowa ya ji labarinsa a tsanake, domin daga nan ne za a gane wanda ya dace a sasanta shi da gida, da wanda makaranta yake buƙata, da wanda magani yake buƙata. Ba sai an yi sabon gini ba. Gwamnati tana da gine-ginen da ba a amfani da su, gyara kaɗan ya ishe su. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ahlus Suffa matalauta ne marasa gida da iyali, kuma a jikin masallacinsa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba su masauki, daga cikinsu aka sami Abu Huraira.

Muna roƙon a ƙirga su da dare, a wuraren da suke kwana, ta hannun ma'aikatan jin daɗin jama'a da mutanen da yaran suka saba da su, ba tare da motar sintiri ba. A kuma bayyana wa jama'a sakamakon aikin 2025: mutum nawa aka kwashe, nawa aka mayar gida, nawa suka zauna a can, nawa suke makaranta ko koyon sana'a a yau.

Muna roƙon a amince da adireshin gidan kwana a matsayin adireshin mutum a duk wani fom na gwamnatin jiha, a gayyato Hukumar Ƙidaya da ta katin ɗan ƙasa su riƙa zuwa can suna yin rajista, sannan ita gwamnati ta zama mai tsaya wa wanda ba shi da mai tsaya masa. A ware musu gurabe a Cibiyar Koyar da Sana'o'i ta Dangote da sauran cibiyoyin jiha, a kuma ba iyayen gida na sana'a, kafintoci da teloli da masu walda, wani ɗan tallafi kan kowane yaro da suka riƙe har ya ƙware. A tuna cewa wanda ke ci daga dakon yini ba zai iya zaman aji ba sai an ba shi abincin ranar.

Ta fuskar lafiya, a shigar da su tsarin Hukumar Taimakekeniyar Lafiya ta jiha a rukunin marasa galihu, a umarci asibitocin jiha da su fara duba mai ciwon gaggawa kafin tambayar adireshi, a kuma sa motar asibiti ta riƙa zagaya manyan tashoshi da daddare ko da sau ɗaya a mako, da mai wanke ciwo da mai rigakafi.

Muna roƙon ka yi amfani da kujerarka ta shugaban majalisar tsaron jiha a fitar da umarni bayyananne cewa ba a kama mutum don kawai an same shi yana barci a waje. A ɗaya gefen kuma a matsa wa iyaye maza da ke sakin aure su saki 'ya'ya tare da shi. Dokar 2023 da kotunan shari'ar Musulunci sun isa su tilasta ciyarwa da matsuguni idan aka bi kadi. Gwamnatinka ta ɗauki nauyin aurar da ma'aurata 1,800 a watan Oktoban 2023, abin a yaba ne, kuma 'ya'yan auren da ya mutu su ma sun cancanci irin wannan kulawa.

Duk wannan sai da kuɗi, don haka muna roƙon a ba shi layinsa na kansa a kasafin shekara, da ma'aikata guda da za a riƙa tambaya idan an ga ba daidai ba, maimakon a bar shi yana yawo tsakanin Hisbah da ma'aikatar mata da ta matasa. Hukumar Zakka da Hubusi tana da hurumi a nan, domin aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambaci faƙirai da miskinai da ɗan hanya, waɗannan yara kuwa sun shiga duka ukun. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar da yaran ke yi wa dako su ma a zauna da su, ba na jin za su ƙi. Majalisar Dokoki kuma ta kira zaman jin ra'ayin jama'a a kan batun, ta ba su kansu masu kwana a titin kujera su yi magana da bakinsu.

Mu ma ba za mu naɗe hannu ba. Na yi alƙawarin koyar da karatu da lissafi kyauta dare uku a mako a duk gidan kwanan da aka buɗe kusa da mu, ladaninmu ya ce zai ɗauki karatun Alƙur'ani, mai shayi kuma ya ce littafinsa a buɗe yake ga duk jami'in da ya zo ƙirga da niyyar taimako, domin ya san kowa da laƙabinsa da garinsu. Idan kana son a gane maka da ido, a turo wakili ba tare da jiniya ba, tsakanin ƙarfe ɗaya da ukun dare, a kowace babbar tasha ta birnin nan. In tamu aka zaɓa, ni zan raka shi da tocilata.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya zaunar da jiharmu lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naka cikin girmamawa,
Wani tsohon malamin firamare,
a madadin masu shayi, masu gadi da maƙwabtan wata tashar mota a birnin Kano.